Karatun lauya a jami'ar coci: a tura yarinyar ko a jira baɗi?

Auwal T/Wada: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka. Ƙanwata ce, tun tana ƙaramar sakandare ba ta da zance sai na zama lauya. Takardunta sun yi kyau, tana da kiredit a Turanci da Adabin Turanci da Lissafi da sauransu, a JAMB ma ba ta ba mu kunya ba. Amma ABU ba su ba ta lauya ba, wani kwas daban suka tura ta wanda ko sunansa ba ta son ji. To kawunmu, ƙanin Inna da ke aiki a Legas, ya ce zai ɗauki nauyinta a wata jami'a mai zaman kanta ta coci a ƙasar Yarbawa. Sun ce masa in ta canza zaɓi zuwa wurinsu za su ɗauke ta. Ba zan kama sunan makarantar a nan ba. Inna ta ce sam, Baba ya yi gum, ita kuwa yarinya ta shige ɗaki ta daina yi wa kowa magana. Ni aka ɗora wa binciken.

Sagir Kwari: Jami'ar coci? To ku shirya tarbar Barista da Haleluya a bakinta.

Admin: Sagir, a kiyaye harshe. Akwai 'yan uwanmu Kiristoci a gidan nan, kuma bawan Allah da gaske yake tambaya. Wanda ba shi da abin faɗa ya karanta ya wuce.

Sagir Kwari: Tuba nake, ranka ya daɗe. Zan dawo da magana mai nauyi.

Barista Hadiza: Wa alaikumus salam Auwal. Na san kowa zai faɗa kan maganar addini, kuma tana da muhimmanci, za mu zo kanta. Amma akwai tambayar da ta riga ta, wadda in amsarta ba ta yi daɗi ba, sauran zancen duk ɓata baki ne.

Digirin lauya na jami'a shi kaɗai ba ya mai da mutum lauya a Najeriya. Shekara 5 za ta yi in ta shiga ta jarrabawar JAMB, sannan ta wuce Makarantar Horas da Lauyoyi, wadda muke ce wa Lo Sukul, ta yi kusan shekara guda, ta ci jarrabawar ƙarshe, sannan a rantsar da ita. Lo Sukul ɗin nan tana ƙarƙashin Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi ne, wadda dokar 1962 ta kafa. Amincewar NUC, wato hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, daban, amincewar wannan majalisa daban. Kuma majalisar tana yanka wa kowace jami'a kota, wato yawan ɗaliban da aka yarje mata ta ɗauka a shekara. Wata 50, wata 100, manyan na gwamnati sun fi haka. Wannan kotar ce ma ta sa shiga lauya a ABU da BUK ya zama jan aiki, ba wai ƙanwarka ba ta da ƙoƙari ba ne.

Abin da ke faruwa shi ne wasu makarantu kan kwashi ɗalibai fiye da kotarsu saboda kuɗi. Yara su gama shekara 5, a zo tura sunaye Lo Sukul, sai a ce gurbi ya ƙare. Su zauna a gida suna jiran layi, ƙannensu na bayansu suna ƙara taruwa. A ƙarshen 2023 majalisar ta dakatar da Baze ta Abuja daga ɗaukar ɗaliban lauya har shekara 5 a kan wuce kotarta ta mutum 50. A Janairun 2025 kuma JAMB ta fitar da sunayen jami'o'i 8 da ta ce ba za ta yi musu adimishan na lauya a zangon 2025/2026 ba saboda majalisar ta dakatar da su. A ciki akwai na coci guda biyu, Bingham ta Karu da Redeemer's ta Ede, amma akwai ta jihar Kwara da ta jihar Taraba, har da Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil. Ka ga wannan ciwon bai san masallaci ko coci ba.

Saboda haka ka fara tambayarsu: majalisar ta amince da tsangayarku? Kotarku nawa? Mutum nawa ne a aji ɗaya yanzu? 'Yan ajin da suka gama bara duk sun tafi Lo Sukul?

Auwal T/Wada: Anti Barista Allah ya saka da alheri. Wallahi ban taɓa jin zancen kotar nan ba. Kawu ya ce mana dai makarantar tana da rajista.

Barista Hadiza: Rajista kala-kala ce. Ka ce masa ta wace hukuma.

Malam Nura: Bismillah. Barista ta yi bayanin ɓangarenta, bari in ce wani abu a nawa. Neman ilimi a hannun wanda ba Musulmi ba, ba a hana shi ba. Bayan yaƙin Badar, fursunonin da ba su da abin fansar kansu an sa su koya wa yaran Madina rubutu. Don haka duk wanda ya ce maka haramun ne Kirista ya koya mata dokar kwantiragi, ka ce ya kawo dalili. Inda matsalar take shi ne abu biyu: a tilasta mata halartar ibadar da ba tata ba, ko a tilasta mata tuɓe hijabi. In ɗayan biyun nan sharaɗi ne na zama a makarantar, ni ban ga larurar da ta kai a ce a jure ba, tunda akwai wasu ƙofofin. Yarinya ce 'yar shekara 17 ko 18, za ta yi shekara 5 nesa da gida, a shekarun da mutum ke ginuwa. Damuwar mahaifiyarku ba ta jahilci ba ce.

Bitrus Wusasa: Sannunku da muhawara. Ni Bahaushe ne Kirista, haifaffen Wusasa, kuma ɗana na biyu a jami'ar coci ya yi karatu, duk da ba lauya ya karanta ba. Malam Nura, gaskiya kuka faɗa, ba zan ɓoye ba: yawancin makarantun nan halartar sujada dole ne, ana ɗaukar suna, kuma wanda ya cika fashi ana hukunta shi. Ba a ɓoye suke yin haka ba, yana rubuce cikin littafin dokokin ɗalibai, kuma ɗalibi na sa hannu ranar rantsuwar shiga. Ikilisiya ce ta tara baikon mambobinta ta gina wurin don ta tarbiyyantar da yara a kan hanyarta, kamar yadda ku ma kuke da naku.

Amma kada a yi musu kuɗin goro. Ba ɗarika ɗaya ba ce. Babcock ta Ilishan-Remo ta 'yan Adbantis ce, masu kiyaye Asabar, daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa faɗuwar ranar Asabar komai na karatu tsayawa yake, kuma ba a dafa nama a ɗakin cin abincinsu. Bowen ta Iwo ta Baftis ce. Ajayi Crowther ta Oyo ta Angilikan ce. Veritas ta Bwari ta bishof-bishof na Katolika ce, Madonna ma ta wani limamin Katolika ce. Bingham ta ECWA ce, sunan Rowland Bingham na mishan ɗin SIM aka sa mata. Kowacce da tsaurinta da sassaucinta. Ni ɗan Angilikan in ka kai ni wurin masu Asabar, baƙo ne ni a can.

Wani abu kuma, tun da maganar lauya mace ake. Mai shari'a Aloma Mukhtar, mace ta farko da ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya a 2012, ta yi karatu a St. Bartholomew's ta nan Wusasa, makarantar mishan. Ba ta bar addininta ba. Haka 'yan mata Musulmi nawa ne suka bi ta St. Louis ta Kano?

Malam Nura: Malam Bitrus na gode da adalcinka. Sai dai wancan zamani ne da ba a da zaɓi, makarantun 'yan mata a Arewa ana ƙirga su da yatsu. Kuma muna ƙirga waɗanda suka fita lafiya ne, su ne ake gani. Ban ce kowa zai canza addini ba, abin da na fi tsoro ma shi ne sakaci, yarinya ta dawo salla ta zama sai an tuna mata.

Bitrus Wusasa: Wannan kam ko a Samaru yana faruwa, Malam. Mu ma muna kuka da shi a namu yaran.

Malam Nura: Haka ne.

Jamilu Ɗan Aji Uku: Amma Barista, ba tsarin mulki ya hana a tilasta wa ɗalibi ibadar wani addini ba? Mun yi shi a aji. Sashe na 38. Kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan hijabi. In sun takura mata sai a maka su kotu kawai.

Barista Hadiza: Jamilu, karanta sashen har ƙarshe. Ƙaramin sashe na 2 ya ce ba za a tilasta wa mai halartar wurin karatu ya karɓi koyarwar addini ko ya shiga bikin ibada na addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Gaskiya ne. Amma na 3 da ke biye da shi ya ce ba za a hana wata al'ummar addini koyar da addininta ga 'ya'yanta ba a makarantar da ita kaɗai ke ɗaukar nauyinta. Lauyan makaranta a nan zai fake, ya ƙara da cewa ke kika kawo kanki, kika karanta dokoki, kika sa hannu, uban ki ma ya sa. Kai kuma ka ce ai sashen 'ya'yan al'ummar ya ambata, ba 'ya'yan wasu ba, kuma haƙƙin da tsarin mulki ya bayar sa hannu ba ya kashe shi. Muhawara ce mai daɗi a aji.

Hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2022 kuwa a kan makarantun gwamnatin jihar Legas ne. Kuma ka duba tsawon tafiyar: babbar kotun Legas ta yanke nata a 2014, kotun ɗaukaka ƙara a 2016, Kotun Ƙoli sai 2022. Yaran da aka shigar da ƙarar dominsu sun daɗe da barin sakandare. Wa zai kai ƙanwarsa makaranta da niyyar ta yi shekarun digirinta tana shari'a da shugaban makarantar? Ba a shiga wuri da shirin faɗa in ana iya tambaya tun daga ƙofa.

Jamilu Ɗan Aji Uku: Na karɓa, Anti. Amma dai ni ina ganin na 2 ya fi ƙarfi.

Barista Hadiza: Ka rubuta shi a furojet ɗinka na aji biyar, zan karanta.

Shafa'atu A.: Salam. Tun ɗazu nake karantawa ina jin kamar in yi shiru, amma bari in faɗi nawa tunda ni na bi hanyar. A jami'ar coci na yi digirina na lauya, a Kudu, ba zan faɗi wacce ba. Yanzu ina aiki a wani ofishin lauyoyi a Abuja.

Karatu dai tsakani da Allah an yi shi. Ba yajin aiki, ranar da aka ce za a gama ranar ake gamawa. Ajinmu ƙarami ne, malami ya san sunan kowa, in ba ki zo ba zai tambaya. Ƙawayena da muka gama sakandare tare suka shiga na gwamnati, yajin aikin ASUU na 2020 da na 2022 ya cinye musu kusan shekara biyu, na riga su fita.

Amma ga ɗaya gefen. Sujada dole ce. Akwai kati da ake duba wa a bakin ƙofa, in babu sa hannu a kai sau kaza, sunanki zai fito a allo, kuma yana iya taɓa shigarki jarrabawa. Mu Musulmin da ke wurin, yawanci Yarbawa, can baya muke zama. Ba wanda ya taɓa ce mini in yi waƙa ko in durƙusa, amma ina zaune a wurin, kuma ba zan yi ƙaryar cewa zuciyata na daɗi ba. Babu masallaci a cikin makarantar. A ɗaki nake salla, tsakanin gado da loka, in na shimfiɗa darduma sai 'yar ɗakinmu ta ɗage ƙafafunta kan gado ta rage sautin wayarta. Dogon hijabi ba a shiga aji da shi, ɗankwali baƙi nake ɗaurawa in rufe wuya da abin da ya samu, tunda dama kayan 'yan lauya baƙi da fari ne. Maza su suka fi shan wuya, saboda fita Juma'a sai da takardar izini, kuma ba kullum ake bayarwa ba.

Azumi ne ya fi ba ni wahala. Ɗakin cin abinci na rufewa kafin a sha ruwa a wasu ranakun, kuma an hana girki a hostal. Garin kwaki da madara da suga na yi sahur da su har na daina jin ɗanɗanonsu. Sai a shekara ta uku muka samu wata matar da ke kula da hostal ɗinmu, dikoniya ce a cocinsu, ita ce ta riƙa karɓar mana abincin dare ta zuba a kula ta ajiye a ofishinta, ƙarfe huɗu na asuba ta buɗe mana ƙofa da zani a ƙirji tana mita wai mun hana ta barci. Har yau muna gaisawa.

In ka tambaye ni ko zan kai 'yata, zan ce sai na ga irin 'yar. Ni na je da haddar izu goma da bakin da ba ya mutuwa. Akwai wadda muka shiga tare, ba ta canza addini ba, amma kafin aji uku ta ajiye ɗankwalin gaba ɗaya.

Maman Iman: Allah sarki Shafa'atu, kin sa ni hawaye da zancen sahur ɗin nan. Auwal, ni uwa ce, bari in faɗa maka abin da ke ran Innarku wanda ba za ta iya faɗa muku ba. Ba coci kaɗai take tsoro ba. Nisa take tsoro, da hanya, da abin da dangi za su ce ranar suna ko biki: ai 'yar wance tana makarantar coci. Da kuma ranar da mai neman aure zai zo a fara bincike. Ku daina kawo mata hujjojin boko, ku nemo wadda ta yi karatun a irin wurin ta zauna da ita.

Hauwa Jos: Hajiya da girmanki, amma maganar dangi fa ba ta ƙarewa. In ta zauna a gida shekara biyu tana jiran JAMB su ne dai za su ce ta rasa miji ta rasa makaranta.

Maman Iman: Ban ce a bi ta dangi ba 'yata, na ce a san abin da ke damun uwar.

Kabiru Bagauda: Ina Lo Sukul reshen Kano yanzu haka, nan Bagauda. Abin da zan ƙara shi ne duk inda ka yi digiri, a nan ake haɗuwa. Ɗan Babcock da ɗan BUK da ɗan Nsukka benci ɗaya, jarrabawa ɗaya. Kuma ba kai ke da ta cewa kan reshen da za a tura ka ba, kana iya cika Bwari ko Kano ka tsinci kanka a Yenagoa ko Enugu ko Yola ko Fatakwal ko Legas. Don haka in nisa ne abin gudu, wanda ya zaɓi lauya ya riga ya zaɓi nisa, ga bautar ƙasa kuma na jira.

Amma akwai bambancin da nake gani da idona. Dokar laifuka ta Kudu daban da ta Arewa. Mu Final Kod (Penal Code) muka gada tun 1960, su kuma Kiriminal Kod. Kowace jami'a tana taɓa duka biyun, amma ta fi zurfafawa a ta yankinta. Wannan ƙaramin abu ne, mai ƙoƙari zai cike giɓin. Babban shi ne shari'ar Musulunci.

Barista Hadiza: Yawwa Kabiru, ka riga ni. Auwal, tambayi ƙanwarka wace irin lauya take son zama, kuma a ina. In burinta kamfanonin Legas da Abuja ne, harkar banki da man fetur da haraji, to digirin Kudu ba zai rage ta da komai ba, wataƙila ma ya buɗe mata ƙofa ta hanyar abokan karatu. Amma in a Kaduna ko Kano ko Zariya za ta zauna, to ta sani rabin masu hawa matattakalar ofishina rabon gado ne ya kawo su, ko saki, ko riƙon yara, ko wasiyya, ko gonar da aka ce wakafi ce wani ya ce kyauta ce. Waɗannan a kotun shari'ar Musulunci ake yin su, a kan mazhabar Malikiyya, alƙali na jawo Tuhfa da Mukhtasar yana karanto maka da Larabci. ABU a Kongo da BUK da Danfodiyo da Maiduguri da Ilorin duk suna da tsarin haɗa dokar Ingilishi da shari'ar Musulunci a digiri ɗaya. A jami'ar coci kada ka sa ran wannan zurfin. Kuma in wata rana tana hangen kujerar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, sashe na 276 na tsarin mulki ya nemi shaidar karatun shari'ar Musulunci da aka amince da ita, ban da shekara 10 na aiki.

Sagir Kwari: Mace Ƙadi? Anti Barista kin tafi da nisa.

Barista Hadiza: Sashen dai bai ce namiji ba. Malam Nura na nan, ku yi wannan da shi wata rana.

Malam Nura: A bar wannan ƙofar a rufe yau, in ba haka ba Auwal ba zai samu amsarsa ba.

Sagir Kwari: To ga magana mai nauyin da na yi alkawari. Ni ɗan kasuwa ne, lissafi na sani. Kawu ya ce zai biya. Na shekara nawa? Kuɗin makarantun nan miliyoyi ne a shekara, lauya kuma na cikin masu tsada, kuma ba a taɓa jin sun rage ba, sai ƙari. Shekara 5 ne, sannan kuɗin Lo Sukul, da kwat da littattafai da hular nan tasu da rigar, da kuɗin mota ko jirgi duk hutu. Kawu ma'aikaci ne, yana da nasa 'ya'yan. In ya yi ritaya tana aji uku fa? In matarsa ta fara ƙorafi fa? Na ga yaron maƙwabcinmu da aka dawo da shi daga jami'ar kuɗi a aji uku, makarantar ta riƙe sakamakonsa sai an biya bashi, ya koma ya sake JAMB da ƙannensa. Ku zauna da kawu, Baba na wurin, a faɗi adadi da baki, ba "kar ku damu" ba.

Hauwa Jos: Sagir yau ka yi magana. A ƙara da cewa bashin karatu na NELFUND ɗaliban makarantun gwamnati ake ba, na masu zaman kansu ba sa ciki. In kawu ya gaza babu inda za a dafa.

Bitrus Wusasa: Wannan gaskiya ne, ni na san abin da na gani kafin yaron nan ya gama. Gonata ta Kufena ba ta dawo ba har yau.

Usman Misau: Ni mamaki nake yadda aka mai da abin kamar ABU ko coci, babu na uku. In kawu na da kuɗin jami'a mai zaman kanta kuma yana son ta kusa da shi, ga Crescent a Abeokuta wadda marigayi Bola Ajibola ya kafa, tsohon ministan shari'a kuma tsohon alƙali a kotun duniya ta Hague, suna da kwalejin lauya. Ga Al-Hikmah a Ilorin. Dukansu na Musulmi ne. In kuma na gwamnati ake so, ga Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ga ta jihar Bauchi, ga Keffi, ga Jos. Kowa ya dage sai Kongo, shi ya sa layin ya yi tsawo.

Akwai kuma hanyar shiga aji biyu kai tsaye. Ta yi IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, shekara guda, in ta samu maki mai kyau ta nemi gurbi, digirin ya zama shekara 4. Wasu kuma difloma suke yi a kwalejojin shari'a irin Legal ta Kano ko A.D. Rufa'i ta nan Misau, amma a duba littafin JAMB tukuna a ga jami'ar da ake so tana karɓar diflomar, don ba duka ke karɓa ba.

Kabiru Bagauda: Gurbin shiga aji biyun nan ma cikin kotar yake, Malam Usman, kuma ya fi ƙaranci. Kada a ɗauka ɓagas ne.

Usman Misau: Ban ce ɓagas ba ne, na ce hanya ce.

Barista Hadiza: Su ma na Musulmin a yi musu tambayoyin nan huɗu da na lissafa, kada a ga sunan Larabci a saki jiki. Wani abu kuma: kada wani ya ce muku ta karɓi kwas ɗin da ABU ta ba ta wai a aji biyu za a mayar da ita lauya. Ana samu, amma da ƙyar, kuma masu yi muku alkawarin ba su za su sa hannu ba.

Bitrus Wusasa: Auwal, shawarata ta ƙarshe. Kada ka tsaya kan abin da jami'in adimishan ya faɗa wa kawunka a waya, aikinsa ne ya cika gurbi. Ka nemi littafin dokokin ɗalibai na bana, ka buɗe babin sutura da babin sujada da babin fita waje, ka karanta wa Baba da Inna da Hausa. In ka je ka nemi shugaban harkokin ɗalibai, ka tambaye shi gaba da gaba: Musulma nawa gare ku, ina suke salla, me kuke yi musu da azumi? In mutumin kirki ne zai gaya maka gaskiya ko da ba za ta yi maka daɗi ba. Sannan ka tsaya a bakin hostal ka tambayi yaran da kansu.

Auwal T/Wada: Jama'a na rasa bakin godiya. Ga inda aka kwana. Na kira kawu na karanto masa tambayoyin Anti Barista, ya kira makarantar, sun ce suna da amincewar majalisar amma wanda ya ɗauki wayar bai san kotarsu ba, wai sai shugaban tsangaya ya dawo. Kawu zai je da kansa ranar Talata ya karɓo littafin dokokin. Na kuma ambata masa Crescent da Al-Hikmah, ya ce bai ƙi ba, shi dai waccan ce ya sani saboda 'yar abokin aikinsa na can. Maganar kuɗi Baba ya ce shi zai yi da shi, ba ni ba.

Na tambayi yarinyar irin lauyar da take son zama. Ta ce ita matan da ake cinye wa gado take son tsaya wa. Na karanta mata abin da Anti Barista ta rubuta, ta yi shiru, sannan ta ce in tambaya ko IJMB ɗin ana fara shi a watan nan.

Anti Shafa'atu, Inna ta ce in babu takura tana son jin muryarki.

Barista Hadiza: Kafin Talatar, kada a biya ko kobo na kuɗin karɓar gurbi sai sunanta ya fito a CAPS, shafin adimishan na JAMB, da lauya a rubuce a gabansa, ba takardar makaranta kaɗai ba. Amsar kotar kuma a rubuce nake son ta. Turo mini sunan makarantar ta akwatin sirri in tambayi wani abokin karatuna da ke koyarwa a yankin.

Shafa'atu A.: Babu takura Yaya Auwal. Ka turo lambar ta sirri, zan kira Inna bayan isha'i in na taso daga aiki. Ka ce ƙanwar taka ma ta zauna kusa, ina da tambayoyin da zan yi mata ita ma.